Marsandin Baba Tana Jin Sanyi

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar Sa'adiya cikin baƙin mai na tafi yawona, ku sassauta min, ni ma ina da oga a ofis. Kai kuma da ka rubuto cewa mace da sifana ba sa haɗa hanya, na ga naka. Karanta wannan tukuna.

*

Karo na tara ke nan Sa'adiya tana murza makulli.

Marsandin ta yi gurnani, ta yi tari sau biyu, ta feso baƙin hayaƙi ta salansa, ta yi ɗif.

"Ya isa haka, Anti Sadiya," in ji Oga Thaddeus mai garejin, yana kore hayaƙi da tsumma. "Batir zai mutu. Na faɗa maka tun farko, wannan mota ba ya son baƙon ƙwaƙwalwa."

Mutumin Akwanga ne, shekararsa talatin a Abuja, amma har yau Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a wurinsa, har matarsa.

Sa'adiya ta kifa goshi a kan sitiyari. Gumi ya jiƙa mayafin da ta ɗaure a ƙugu. Wallahi kuka take son yi, amma ba a gaban Thaddeus ba.

Motar ta Babanta ce, Malam Sale. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa manya a ma'aikata, da ya yi ritaya aka yi gwanjon wannan Marsandin ya saye ta. Ƙwaƙwalwarta ta asali, akwatin nan da makanikai ke kira biren-bos, ta ƙone a shekarar da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. An gwada na hannu har uku, babu wadda ta yi. Shi ne Sa'adiya, mai buga takardu a ofis, wadda ba ta san bambancin fulogi da fiyus ba, ta yi odar sabuwar ƙwaƙwalwa. Ba irin ta kamfani ba ce. Wannan fanko take zuwa, kai za ka haɗa mata wayoyi, ka jona ta da laftof, ka koya mata yawan man da za ta ba inji da lokacin da za ta ba shi wuta.

Wata uku tana kallon bidiyon Turawa lokacin hutun cin abinci, Asabar da Lahadi kuma tana nan Kurudu a ƙarƙashin bonet. Wata ukun nan shi ne wa'adin da yayanta Abdulmajeed ya ba ta. In motar ba ta tashi ba zuwa la'asar ɗin yau, 'yan gwangwan za su ja ta su yanka.

Hon ta ji a bakin gareji.

Ta ɗago. Motar Yaya Abdulmajeed ce, sabuwa fil, tana sheƙi. A bayanta ga janwe, motar jan matattun motoci, sarƙarsa tana lilo.

Ta fito da sauri har ta kusa tsinke wayar laftof.

"Yaya, ƙarfe biyu fa yanzu! Ba la'asar muka yi da kai ba?"

Ya fito cikin farar shadda, waya biyu a hannu, yana taka ƙasa a hankali kada baƙin mai ya taɓa masa takalmi.

"Mai janwe yana da wani aikin a Idu. Biyu da huɗu duk ɗaya ne, Sa'adiya. Ta tashi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce ta tashi?"

"Tana tari."

"Tana tari." Ya yi 'yar dariya. "Sati uku ke nan tana tari. Please, ki dubi kanki mana. Dubi farcenki. Jiya wani abokina ya kira ni wai ya ga ƙanwata a kasuwar kayan mota a Apo tana cinikin waya da Inyamurai."

"To sata ya ga ina yi?"

"Ba na son rashin kunya."

Sai a lokacin ta lura akwai mutum a kujerar gaba.

"Baba ka kawo?"

"Daga wajen gashin ƙashi a asibiti muke. Na ce ya zo ya yi sallama da ita, kada gobe a ce na sayar a bayan idonsa."

Wannan maganar ta soke ta fiye da duk sauran.

Thaddeus ya ruga ya kawo kujerar roba, shi da Abdulmajeed suka kama Baba suka zaunar da shi a inuwar dalbejiya. Baba ya jingina sandarsa, ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu ya ajiye a cinya, kamar yadda yake yi kullum. Shekara biyu ke nan hannun nan bai motsa ba. Maganarsa ma ba ta wuce kalma ɗaya: "to", "ruwa", "Allah".

"Oga Sale, sannu da zuwa," in ji Thaddeus. "Yarinyarka ya yi ƙoƙari, gaskiya. Amma mota ya tsufa."

Abdulmajeed ya ɗaga wa mai janwe hannu. "Malam, juyo da baya."

Janwe ya fara ja da baya yana ƙara.

Ƙwas! Ƙwas!

Baba ne ya buga sanda a jikin wani tsohon rim da ke gefensa. Kowa ya juyo. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito.

"La'a...sar."

Abdulmajeed ya dubi agogo.

"Shi ke nan. Ana kiran salla za a ɗaura sarƙa."

Sa'adiya ta koma cikin mota ta ɗora laftof a cinya. Ta sake bin komai daga farko. Wuta tana zuwa fulogi, ta gani da idonta. Nozul suna feshi. To me ya sa duk fulogin da aka ciro sai a same shi sharkaf da fetur?

Thaddeus ya miƙo mata ruwan leda ta taga.

"Sha, kada ka faɗi. Rediyo ya ce zafin yau ya kai arba'in."

"Kwamfuta ma haka ta ce," ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Ta kai ledar baki, idonta yana kan allon. Sai ta tsaya.

Agogo biyu ne a gefen allon, ɗaya a saman ɗaya. Na sama yana nuna zafin iskar da inji ke shaƙa: 38. Na ƙasa yana nuna zafin ruwan inji: -40.

Sati uku tana ganin arba'in ɗin nan. Ba ta taɓa zarginsa ba, don wa zai yi musu da arba'in a Abuja cikin watan Maris? Ɗan layin da ke gabansa kuwa, ai kullum shi take bugawa a ofis. Suna, ɗan layi, wane. Mataki, ɗan layi, takwas. Ta ɗauka ado ne na raba magana da amsa.

To me ya sa talatin da takwas ba shi da nasa layin?

Ta tuna wani bidiyo. Bature cikin ƙatuwar rigar sanyi, ƙanƙara ta rufe masa ƙofar gareji, bakinsa yana hayaƙi, yana nuna lamba mai irin wannan layin a gaba.

Ruwan ledar ya suɓuce ya fashe a ƙafarta.

"Oga Thaddeus! Oga Thaddeus, motar nan sanyi take ji!"

Mai janwe da ke kwance a inuwa ya fashe da dariya. Abdulmajeed ya girgiza kai.

"Rana ta fara taɓa ta."

"Wallahi Yaya da gaske nake! Zo ka gani. Wannan ba ado ba ne, alamar ɗebewa ce. Arba'in ƙasa da sifili! Ƙwaƙwalwar tana zaton muna ƙasar ƙanƙara, shi ya sa take ta ɗura wa inji fetur don ya yi ɗumi, har ta shaƙe shi."

Thaddeus ya leƙo yana ƙanƙance ido.

"Ban gane ba."

"Oga, ka tuna motocin kafireto na da? In mutum ya ja cok da safe ya manta bai mayar ba, me zai faru?"

"Fulogi zai jiƙe. Baƙin hayaƙi." Ya zaro ido. "Kai! Wato wannan akwati ya ja cok tun sati uku?"

"Ya ja har ƙarshe."

"To wa ya gaya masa ana sanyi?"

"Ba wanda ya gaya masa komai, matsalar ke nan. Akwai 'yar na'ura a jikin inji mai auna zafin ruwa. In wayarta ba ta iso ba, lambar sai ta faɗi can ƙasa."

Ta zaro takardar zanen wayoyi, wadda ta sha ninki har ta fara yagewa. Shuɗiyar waya mai ratsin ja. Ita da kanta ta jona ta a sabuwar ƙwaƙwalwar tun watan jiya, amma daga ɓangaren cikin mota. Ba ta taɓa bin ta zuwa ɗaya ƙarshen ba, ta yarda da takarda kawai.

Ta zagaya gaba, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu a bayan inji. Ta bi wayar da yatsa, ta bi, ta bi. Ƙarfe ya karce mata gwiwar hannu, ba ta ko ji ba.

Wayar ba ta kai ko'ina ba.

Ta jawo ta waje. A ƙarshenta wani dunƙulen tsohon salatif ne da ya bushe ya yi tauri, an naɗe shi da jar robar tayar keke, an ƙulla sau biyu, an bar jela.

Ta daɗe tana kallon ƙullin.

Duk Kurudu babu wanda bai san wannan ƙullin ba. Yana jikin famfon garejin, yana jikin rediyon Thaddeus, yana jikin hannun butar da ke bakin ƙofa.

Ta ɗaga shi sama.

"Oga Thaddeus."

"Na'am."

"Wannan ɗaurin na waye?"

Thaddeus ya dubi ƙullin, ya dubi sama, ya dubi dalbejiya. Ya fara goge hannun da babu komai a jikinsa.

"Jar roba ai yana da yawa a gari."

"Oga."

"To, ni ne! Ni ne na yanke. Amma ba da mugunta ba, Allah ya sani!" Ya juya wajen Baba. "Oga Sale, ranar da ka fara kawo min wannan mota, shekara sha ɗaya ke nan. Motar Bature an yi shi don ƙasar sanyi. A nan in ka bar shi haka zai yi zafi. In ka yanke wannan waya, fanka zai yi ta gudu ba tsayawa. Kowane mota ya shigo garejina haka nake masa. Haka ogana ya koya min. Je ka Apo ka tambaya, kowa yana yi!"

"Kuma sati uku kana kallona ina wahala ba ka faɗa ba?"

"Na manta, Anti! Waya nawa na yanke a rayuwana? Kuma tsohon biren-bos bai taɓa yin ƙorafi ba."

"Tsohon yana da kawaici. In bai ji daga wayar ba sai ya yi kintace, ya ƙara mai kaɗan, ya yi shiru da bakinsa. Wannan sabon ba ya kintace. Abin da ya ji shi yake ɗauka."

Abdulmajeed ya sauke wayar daga kunne a hankali.

"Tsaya. Ya ƙara mai? Wato shan man da motar nan take yi..."

Babu wanda ya tashi a gidan Malam Sale bai san wannan faɗan ba. Shekara da shekaru Baba yana zargin gidajen mai da taɓa lita. Ya yi rigima da na Karu, ya yi da na Nyanya, akwai wanda ya rantse ba zai ƙara taka shi ba har abada. Ashe mai laifin yana nan, kullum suna cin gyaɗa tare.

Wani sauti ya fito daga ƙarƙashin dalbejiya. Kafaɗar Baba tana girgiza. Abdulmajeed ya zabura, ya zaci shaƙewa ya yi.

Dariya yake yi. Da rabin baki, hawaye yana zuba, yana nuna Thaddeus da sanda.

Thaddeus ya cire hula ya durƙusa. "Oga Sale, ka yafe. In ka warke ka mare ni."

"Oga, tashi, ba lokaci," in ji Sa'adiya. "Uku ta wuce. Ciro min fulogan nan ka busar da su."

Ba ta taɓa ba shi umarni ba sai yau. Shi ma bai tsaya musu ba, ya ɗauki sifana.

Ta yanke dunƙulen, ta feƙe bakin wayar, ta nemo ɗaya guntun da ke rataye a jikin na'urar, ya yi baƙi da ƙura. Ta kankare shi, ta haɗa su, ta narka dalma a kai kamar yadda ta koya bayan ta ƙone yatsa sau ba adadi. Ta naɗe da sabon salatif. Ba ta sa jar roba ba.

Ta koma ciki ta kunna makulli rabi. Allon ya kawo.

Ɗan layin ya ɓace. 37.

"Alhamdulillahi," ta faɗa a hankali. "Barka da zuwa Abuja."

Thaddeus ya mayar da fulogai huɗu da sauri. "Oya, buga!"

Ta yi bismilla ta murza.

Ƙyat. Ƙyat-ƙyat-ƙyat.

Batir ya mutu.

"Innalillahi! Oga, ba ka da wani?"

"Nawa yana wurin caji, kuma ba wuta tun jiya."

Ta dubi mai janwe. Ya ɗaga hannu biyu. "Nawa na babban mota ne, Hajiya, zai ƙona miki komai."

Daga masallacin bayan gareji aka ji ladan yana hura lasifika, yana gwada ta. Fuu. Fuu.

Batir ɗaya ne ya rage a wurin, kuma kowa ya san inda yake.

Sa'adiya ta fito ta tsaya a gaban yayanta. Fuskarta duk baƙin mai, gwiwar hannu tana jini.

"Yaya Majid."

Ya kau da kai.

"A motar nan Baba ya kai ka jami'a da akwatinka a but. Ni ina baya ina kuka. Ban roƙe ka ƙarin rana ba. Batir kawai, minti biyar."

Ya dubi janwe. Ya dubi Baba. Baba ba ya kallonsa, motar yake kallo.

Abdulmajeed ya yi tsaki, ya zuba wayoyinsa a aljihu, ya cire agogo, ya naɗe hannun farar shaddar nan.

"Thaddeus, ba ni sifana mai lamba goma. In kika ƙona min batir, ke da Allah."

Shi da kansa ya rungumo batirin motarsa, ya bar masa tabo baƙi ƙirin a ƙirji. Aka ɗaura.

Ta zauna. Ta share tafin hannu a zani.

"Bismillahi."

Injin ya juya sau ɗaya. Sau biyu. Ya yi tari.

Vuuuum!

"Ya tashi! Jesus! Ya tashi!" Thaddeus ya wurga hula sama. Mai janwe ya haye motarsa ya danne hon. Masu gyaran babur na maƙwabta suka fito a guje.

Amma injin hawa yake yana sauka, yana jijjiga kamar zai mutu, hayaƙi yana fita baƙi.

"Ba shi totur!" Abdulmajeed ya yi ihu. Shi da ya zo da janwe!

"Kada wanda ya taɓa min komai!"

Ta jawo laftof. Nan ne aikin wata ukun yake. Akwai lambar da ke nuna yadda iska da mai suke gauraya, ana son ta kusa da sha huɗu da rabi. Tana kan sha ɗaya, mai ya yi yawa. Ta buɗe jadawalin mai, ta zaɓi lambobin da inji ke aiki da su a lokacin, ta rage kaɗan. Ta jira. Sha biyu. Ta ƙara ragewa. Zuciyarta tana ce mata ta zabge da yawa a huta, ta hana kanta. Sha uku. Jijjigar ta fara lafawa. Sha huɗu da ɗigo biyu.

Hayaƙin ya washe. Marsandin ta daidaita murya, ta koma wannan gurnanin mai taushi da Sa'adiya ta sani tun tana firamare, wanda in ta ji shi a ƙofar gida ta san Baba ya dawo.

"Allahu akbar, Allahu akbar..."

Ladan ya kira la'asar, mota tana aiki.

Sai a lokacin ta bar hawayen suka zubo. Daɗi ya cika ta har ba ta san tana dariya ba. Abdulmajeed ya leƙo ta taga, ya daɗe yana kallon lambobin da bai gane ko ɗaya ba.

"Ke," ya ce. "A ina kika koyi wannan?"

"A wurin Inyamuran Apo."

Ya dungure mata kai, ya juya ya sallami mai janwe.

Ba wanda ya lura lokacin da Baba ya miƙe. Sai ganinsa aka yi yana tahowa, sanda a hannun dama, yana jan ƙafar hagu. Thaddeus ya nufe shi zai riƙe shi, ya harare shi. Ya iso gaban bonet ya tsaya, ya karkata kai, ya rufe ido.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar inji.

"Ta... uku," in ji Baba. "Tana... ɗingishi."

Abdulmajeed ya dafe mota. Shekara biyu rabon da su ji kalma huɗu a jere daga bakin nan.

Sa'adiya ta duba allon. "Baba, kwamfuta ba ta nuna komai ba."

Baba ya buga sanda a ƙasa.

Thaddeus ya miƙa hannu ya taɓa hular fulogi na uku. Tana motsi. Garin sauri bai danna ta ta zauna ba. Ya danna, ta ce ƙyas. Nan take muryar injin ta ƙara santsi, har wanda bai san mota ba zai ji bambancin.

"Oga Sale!" Thaddeus ya riƙe baki. "Kunnenka ya fi laftof!"

Baba bai kula shi ba. Ya zagayo a hankali har ƙofar direba, inda Sa'adiya take zaune. Ya dube ta ta taga, ya daɗe yana dubanta.

"Matsa," ya ce.

"Baba?"

"Baba, a'a, don Allah," Abdulmajeed ya taho da sauri. "Likita ya ce ko kusa kada ka..."

Bai ƙarasa ba.

Ƙofar ta ce ƙyas, ta buɗe.

Sa'adiya ta dubi sandar. Tana nan daram a hannun daman Baba, bai sake ta ba.

Ta sauke ido a hankali zuwa marikin ƙofar.

Yatsu huɗu ne a kai, suna rawa, sun ƙanƙame ƙarfen. Na hannun hagu.